Mai Haƙuri Bai Iya Fushi Ba: Sharhi Kan Jarumi Mai Tausayi da Ba Ya Raga wa Mugu

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Dutsin-Ma, ko ya tsaya bayan samarin da suka yi cincirindo a kan waya guda a bakin tashar Kurfi, ko a dandalin Tamawa bayan sallar isha'i, ya san wannan lokacin. Fim ya kusa ƙarewa. Tun daga farkonsa bos, wato mugun fim ɗin, yake cin karensa babu babbaka: ya ƙwace gona, ya ƙona rumbu, ya mari tsoho a gaban jikokinsa. Shi kuwa jarumi, wanda yara ke ce wa akta, mutum ne mai sanyin hali, mai jan marayu a jiki, mai durƙusa wa mahaifiyarsa. An zage shi ya yi shiru, an bangaje shi ya kauce. Yau dai tura ta kai bango. Ɗaki ya yi tsit, ko tari ba ka ji. Da jarumi ya ɗaga hannu ya sauke a kan bos, sai wuri ya kaure da sowa. Wani ya miƙe tsaye, wani yana cewa a ƙara masa, dattijon da ya leƙo neman ɗansa ma sai ka ga yana gyaɗa kai.

Wannan sowar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Masu yin ta ba mugaye ba ne. Yawancinsu ko akuya suka gani a ɗaure cikin rana sai sun mai da ita inuwa. To me ya sa ransu ke yin fari idan an ragargaza mutum, ko da a labari ne? Daga ina muka gaji wannan jarumi mai taushin zuciya ga rarrauna, mai zafin hannu ga azzalumi? Kuma a ƙasa irin tamu, inda bos ya fito daga majigi ya koma mai shigowa gari a kan babur da tsakar dare, me wannan jarumi yake koya wa 'ya'yanmu?

Wane ne shi?

In ka tankaɗe jaruman labarai za ka same su kashi uku. Akwai mai ƙarfi zalla, wanda faɗa ne abincinsa. In babu mugu a gari shi zai zama mugun. Akwai mai haƙuri zalla, wanda ake zalunta ya bar wa Allah, kuma labari ya nuna yadda Allah ya saka masa. Sai na uku, wanda muke magana a kansa: yana da haƙurin na biyu, yana da ƙarfin na farko, amma ba ya zare ƙarfin sai haƙurin ya ƙare, kuma galibi ba don kansa yake zarewa ba.

Hausawa sun daɗe da yi masa take, suka ce mai haƙuri bai iya fushi ba. Wanda ya saba haɗiye magana, ranar da ya amayar da ita ba mai iya tare shi. Abin da ya kamata a lura da shi, tausayin wannan jarumi da zafinsa daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. Dubi kaza mai 'ya'ya: ita ce mai tattara su a ƙarƙashin fiffike, ita ce kuma mai tasar wa shirwa ba tare da ta auna ƙarfinta ba. Dubi makiyayi: kafaɗar da ya saɓo ɗan rago sabuwar haihuwa, ita ce ke ɗauke da sandar da zai tari kura. Wanda ganin hawayen maraya bai dame shi ba, ba zai ji zafin wanda ya sa marayan kuka ba. Saboda haka a labari mai kyau tausayi ne uwa, zafi ɗanta. Duk inda aka juya wannan tsari, aka sa zafi a gaba, aka yafa masa ɗan tausayi don a rufe bakin masu kallo, to jarumi ya mutu, ɗan daba ne ya sa rigarsa.

Tushensa a gida

Ba Indiya ce ta kawo mana shi ba. A ɗakin kaka muka fara haɗuwa da shi, daga ga ta nan ga ta nanku zuwa ƙurunƙus. Sai dai tatsuniya tana da wata hikima da ba kowa ke lura da ita ba. In mugun mutum ne, kamar 'yar Mowa mai raina mutane a tatsuniyar ruwan Bagaja, yawanci halinta ne ke ja mata. 'Yar Bora ba ta ɗaga mata hannu, alhaki ne kuikuyo da ke bin mai shi. In kuwa za a yi kisa da hannu, to sai ka ga mugun Dodo ne, ko kura, ko maciji. Kakanninmu sun bar yaro ya ɗanɗani daɗin ganin bayan mugu, amma ba su cika saba masa da zubar da jinin ɗan Adam ba.

Haka abin yake a labarin Bayajidda. Baƙo ya sauka Daura da dare a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa babu, domin macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je, ya sare kan macijin, ya koma masaukinsa. Abu uku ne a nan. Ƙishirwar gari ya kashe, ba tasa kaɗai ba. Sara ɗaya ya yi, bai bi gari yana neman wani abin sara ba. Na uku kuma, da gari ya waye masu cewa su ne suka yi aikin suka yawaita, Sarauniya Daurama ba ta karɓi baki ba sai da aka kawo kan macijin. Tun a labarin kafuwarmu, da'awa ba ta tsayawa sai da shaida.

Katsina ma tana da nata. Tarihin baka ya ce Muhammadu Korau ya zo daga 'Yandoto, ya yi kokawa da Sarki Sanau, mai masaukinsa, ya kayar da shi, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Katsinawa suna girmama Korau, amma har yau kirarinsa yana ambaton cewa mai masaukinsa ya yanka. An yaba nasarar, ba a share jinin daga lissafi ba. Wannan gaskiya ce da marubutan yau ya kamata su yi koyi da ita.

A rubutaccen adabi kuwa, babu jarumin da ya cika wannan siffa kamar Iliya Ɗan Maiƙarfi, na Ahmadu Ingawa, ɗan jiharmu ta Katsina. Iliya ya tashi ba ya iya tafiya, ya daɗe a zaune yana kallon iyayensa suna wahala, har wasu baƙi suka zo ya sami lafiya da ƙarfin da ya wuce na mutane, ya hau dokinsa Ƙwalele ya nufi birnin Kib wurin Sarki Waldima. Masana sun nuna cewa tushen labarin hikayar Rasha ce ta Iliya Muromes, wanda ya shekara 33 a zaune kafin ya miƙe ya yi wa Sarki Baladimir na Kiyef hidima. A can tushen, Iliya ya kama wani ɗan fashi da ya tare hanya shekara da shekaru, ya kai shi gaban sarki kafin ya sare kansa. A can ne kuma sarkin ya yi fushi ya jefa shi kurkuku, amma da abokan gaba suka kewaye birni aka fito da shi, ya tafi ya yi yaƙi saboda gwauraye da marayu. Abin da aka yi masa shi kaɗai ya yafe. Abin da za a yi wa talakawa ne bai yafe ba. Kuma ba banza aka fara labarin da nakasa ba: wanda ya ɗanɗani rauni shi ya fi cancanta a damƙa wa ƙarfi.

Hanyoyi uku daga gasa ɗaya

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga wannan yunƙuri akwai guda uku da suka zama kamar amsoshi uku ga tambaya ɗaya: in an zalunce ka, me za ka yi?

*Ganɗoki* na Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya ɗauki hanyar takobi. Jaruminsa mayaƙi ne da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya yi ta gwabzawa har a ƙasashen aljannu. *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauki hanyar haƙuri. An sace Umar yana yaro, an tsallaka Sahara da shi, mahaifiyarsa ta sha azabar bauta a wajen nemansa, amma ya girma malami mai karantarwa, bai rama wa kowa ba. *Jiki Magayi* na John Tafida da Rupert East shi ne ya bi ramuwa har ƙarshenta don ya nuna mana inda take kaiwa. Attajiri Malam Shaihu ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama, asirin ya faɗa kan yaron da aka haifa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya tashi ɓarawo, ya zama ajalin ubansa, shi kuma mai ramuwar bai mori komai ba. Abubakar an cuce shi da gaske, wannan ba a musu. Sai dai ya rasa abin da Iliya yake da shi: zafinsa na kansa ne, ba na wani rarrauna ba, shi ya sa ya ƙone har da wanda ba ruwansa.

Abubakar Imam ya ƙara hanya ta huɗu a *Magana Jari Ce*. Mugun Waziri yana ƙulle-ƙullen hallaka Musa ɗan Sarki, wanda ya tsaya masa kuwa aku ne, tsuntsun da ba shi da takobi sai baki. Da labari ya tsare yaron dare bayan dare har Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, hukunci ya fito daga fada. Aku bai sassauta wa Waziri ko kaɗan ba, amma bai zama alƙali ba.

Abin da Indiya ta ƙara

Tun daga shekarun 1950 finafinan Indiya suka shiga gidajen sinima na Arewa, suka zauna daram, domin mun ga kanmu a cikinsu: girman uwa, kunya, talakan ƙauye da mai ba da bashi da ruwa. Har laƙabi Hausawa suka raɗa wa 'yan wasansu. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Wannan laƙabi na biyu ya kama bakin zaren duka. Mai kallo ya gane cewa aikin hannun jarumi da na ɗan daba iri ɗaya ne, bambancin kawai shi ne an ba ɗaya lasin. Tambayar ita ce, wa ya ba shi, kuma bisa wane sharaɗi?

Finafinai uku sun isa misali. A *Mother India* na 1957, Radha ta sha wuyar Sukhilala mai cin amfanin gonarta da sunan bashi. Ɗanta Birju ya tashi da wannan ciwo a rai, ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe Sukhilala, ya sungumi 'yarsa a ranar aurenta. Radha, uwar da ta fi kowa sonsa, ita ta ɗauki bindiga ta harbe shi. Ba ta yarda zaluncin da aka yi wa gidanta ya zama hujjar keta mutuncin 'yar wani ba, ko da 'yar maƙiyinta ce.

*Sholay* na 1975 kuwa, duk mutumin Kurfi ko Safana ko Batsari da ya kalle shi yau zai ji kamar labarin garinsu ake bayarwa. Gabbar Singh yana zaune cikin duwatsu da yaransa, yana aiko su ƙauyen Ramgarh karɓar hatsi, ya kashe iyalan wani tsohon ɗan sanda da ake kira Thakur, ya sare masa hannuwa biyu, ya kashe ɗan limamin garin makaho ya aiko da gawar a kan doki. A yadda Ramesh Sippy ya fara ɗaukar ƙarshen fim ɗin, Thakur ne ya tattake Gabbar har lahira. Hukumar tace finafinai ta Indiya ta ƙi amincewa, aka sake ɗauka: 'yan sanda suka iso a daidai lokacin, suka tuna wa Thakur cewa shi ma tsohon ɗan sanda ne, suka tafi da Gabbar. Har yau masu kallo suna gardama kan wane ƙarshe ya fi. Gardamar tasu ita ce tamu.

Na uku shi ne kashi na biyu na *Baahubali*, na 2017, wanda samarinmu suka sha kallo da fassarar Hausa. Baahubali ɗan sarki ne mai cin abinci da talakawa. Aka gurfanar da matarsa Devasena a fada saboda ta yanke yatsun wani babban hafsa da ke taɓa mata a layin shiga wurin bauta. Baahubali ya shigo, ya ji ta bakinta, ya zare takobi ya fille kan hafsan a gaban kowa. A nan gidan kallo ke ɗaukar sowa mafi ƙarfi. A riƙe wannan fage, za mu dawo kansa.

A Amurka ma sun yi wannan muhawara ta hanyar jaruman littattafan zane. Batman, wanda ya fara fitowa a 1939, an kashe iyayensa a gabansa, amma marubutansa suka ɗora masa doka cewa ba ya kisa. Ya kama, ya ɗaure, ya bar wa hukuma. Punisher, wanda ya fito a 1974, an kashe matarsa da 'ya'yansa, shi kuma ya zama mai kama mutum, mai yanke hukunci, mai zartarwa. Da wasu 'yan sanda da sojoji suka fara liƙa tambarinsa na ƙoƙon kai a motocinsu da kayansu, Gerry Conway, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙaga shi, ya fito ya nuna rashin jin daɗinsa, domin ya ƙirƙiro shi ne a matsayin alamar lalacewar shari'a, ba abin koyi ga masu tsaron doka ba.

Sirrin da ke hannun mai labari

Me ya sa muke son wannan jarumi? Amsar ba ta da nisa. Ɗan Adam an halicce shi da ƙishirwar adalci. Talakan da ya kai ƙara aka yi ta ɗaga shari'arsa, wanda ya ga wanda ya cuce shi yana yawo a kasuwa, in ya zauna awa biyu ya ga duniyar da mugu ke girbar abin da ya shuka kafin a kunna fitila, dole ransa ya yi sanyi. Wannan ba abin kunya ba ne. Alama ce cewa zuciya ba ta mutu ba. Al'ummar da za a ji wa tsoro ita ce wadda za ta ga ana marin tsoho a fim ta yi dariya.

Amma akwai wata kyauta da mai labari yake ba mu a ɓoye, wadda rayuwa ba ta bayarwa: yaƙini. Mu koma fadar Baahubali. Me ya sa ba mu ce ya yi gaggawa ba, alhali bakin mutum ɗaya ya ji, kuma matarsa ce? Saboda kyamara ta riga ta kai mu wurin, mun ga hannun hafsan da idonmu. Mu ne shaidu. Mai labari ya shiga ɗakin bos da mu, ya jiyar da mu ƙulle-ƙullensa, ya buɗe mana zuciyarsa, har kiɗan da ke tashi in ya shigo yana gaya mana ko wane ne. Lokacin da jarumi zai ɗaga takobi an riga an gama shari'a a zukatanmu, da shaidun da babu kotun duniya da ke samun irinsu. A labari takobi ba ya kuskure, domin wanda ya rubuta laifin shi ya rubuta hukuncin.

A waje kuwa babu kiɗan da ke tashi in mugu ya shigo kasuwa. Abin da muke da shi shi ne an ce, da na ji, da ya yi kama da su. Hausawa kuma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Da aka fito daga gidan kallo

Ba wanda zai yi wa mutanen tsakiyar Katsina wa'azin haƙuri daga nesa. Su suka san abin da ke fitowa daga dajin Rugu. A Disamban 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu. Tsakanin waɗannan akwai gonakin da aka daina nomawa, da shanun huɗa da aka kora, da matan da suka sayar da gadonsu don biyan kuɗin fansa, waɗanda babu jaridar da ta ƙirga. Saurayin da ya tashi cikin wannan, ya ɗauki gora ko bindigar toka ya kwana a bakin gari don uwarsa ta yi barci, ya cancanci addu'a da girmamawa. Kare kai da iyali haƙƙi ne a addini da doka.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da mai tsaron gari ya ɗauki kansa akta, ya ɗauki zatonsa a matsayin kyamara. Duk wanda ya bi tarihin wannan fitina daga Zamfara zuwa Katsina ya san cewa, bayan satar shanu da talauci da sakacin hukuma, kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da hanyoyi, kan mai uwa da wabi, ya ƙara wa wutar makamashi. Wanda aka kashe ubansa ba da laifi ba ya shiga daji, a can shi ma yana ganin kansa jarumin nasa labarin, yana ganin ƙauye guda a matsayin bos. Daga nan kowa Birju ne, babu Radha. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma kullum a kan marar ƙarfi take sauka.

In muna son mu ji ɗacin abin sosai, mu tuna Uromi ta Jihar Edo. A ƙarshen Maris na 2025 'yan sintirin garin suka tare wata babbar mota, suka ga mafarauta 'yan Arewa da bindigoginsu na farauta, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal don yin Sallah. Aka ce masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe mutum 16. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma garinsu ya sha fama da masu satar mutane, su ma a ransu jarumai ne masu kare iyali. Ranar mu ne muka yi kama da su. Wanda ya yi kuka don Uromi bai kamata ya yi sowa ba in an yi irinta a kasuwar garinsu.

Shi ya sa kafa rundunar tsaron al'umma da Gwamnan Katsina Dikko Umaru Raɗɗa ya yi a Oktoban 2023 yake da ma'ana a wannan bahasi: yunƙuri ne na sa wa jarumtar samari linzami, da horo, da shugaban da za a tambaya in an yi ba daidai ba. Amfaninta zai dogara ga yadda aka riƙe linzamin. Sannan a 2025 ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Kurfi, sun zauna sulhu da mutanen daji. Wasu na ganin hutu ne, wasu na ganin an bar mai laifi ya sha. Kowanne yana da hujja. Abin da zaman ya nuna dai shi ne rayuwa ba ta ƙarewa yadda fim ke ƙarewa. Bayan an gama, da wanda aka cuta da ɗan wanda ya yi cutar rijiya ɗaya za su ci gaba da sha.

Ma'aunin da muke da shi

Ba mu rasa ma'auni ba. Alƙur'ani, a aya ta 33 ta Suratul Isra'i, ya ba magajin wanda aka kashe da zalunci haƙƙi, a wuri guda kuma ya hana shi wuce iyaka. A aya ta 8 ta Suratul Ma'ida an gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Malamai sun haɗu a kan cewa zartar da ƙisasi da haddi aikin hukuma ne bayan shari'a, ba na kowa da kowa ba. Usama ɗan Zaidu, wanda Annabi (SAW) yake ƙauna, ya kashe wani a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi. Annabi ya tsananta masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Wannan ita ce tambayar da ke raba mu da mai labari: shi yana tsaga zukata, mu ba ma iyawa. Hadisi ya kuma koya mana cewa mai ƙarfi na gaske shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ba gwanin kayarwa a kokawa ba. Jalaluddin Rumi ya kawo hikayar Sayyidina Ali, wanda ya kayar da abokin gaba, mutumin ya tofa masa yawu a fuska, sai ya janye takobi, domin fushin kansa ya shigo cikin abin da ya fara don Allah.

Daga nan za a iya fitar da alamomin jarumin da ya cancanci suna. Zafinsa don wani ne, ba don kansa ba. Yana tabbatarwa kafin ya ɗaga hannu. Yana buɗe wa mugu ƙofar tuba. Ba ya taɓa ɗan mugu, ko matarsa, ko ƙabilarsa. In mugu ya faɗi ya tsaya, in akwai alƙali ya miƙa. Bayan an gama kuma ba ya jin daɗin jinin. Yana komawa gona.

Ga masu alƙalami da masu tarbiyya

A 2021 hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Damuwar da ta jawo haka gaskiya ce, amma hani kaɗai ba ya kashe ƙishirwa. Yaron da aka hana na gida zai sha na waje a wayarsa. Abin da ya fi shi ne marubutanmu, daga masu littattafan yaƙi irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini har zuwa masu shirya finafinai masu dogon zango, su ba mu jarumin cikakke. Karɓuwar da Umar Hashim na *Izzar So* ya samu ta nuna cewa Bahaushe zai bi jarumin da ke kayar da azzalumi da gaskiya da haƙuri mako bayan mako bai gaji ba. Muna kuma jiran wanda zai rubuta mana abin da ba a cika rubutawa ba: jarumin da ya yi kuskure, ya kashe wanda ba shi ne ba, ya rayu da wannan nauyi, da jarumin da ya tsaya tsakanin taron jama'a da wanda ake zargi, ya ce sai dai a bi ta kansa. Wannan na biyun ya fi mai fille kai buƙatar zuciya, domin shi ba bos yake fuskanta ba, 'yan uwansa yake fuskanta.

Iyaye da malamai kuma, kada mu tsaya ga hana kallo ko barin kallo. In fim ya ƙare, yaro yana ta murna an gama da bos, a tambaye shi: ta yaya akta ya san shi ne? Zai ce ai mun gani. Sai a ce masa, to ranar da aka nuna maka wani a kasuwar Dutsin-Ma ana ihun ɓarawo, kai me ka gani?

Sowar gidan kallo ba laifi ba ce, kuma ba na fatan ranar da za ta mutu a ƙasarmu, domin ranar ce za mu daina jin zafin zalunci. Fatana shi ne yaron Tamawa da ya yi ta ya fito da jarumin gaba ɗayansa, ba hannunsa kaɗai ba. Bayajidda ya sare kan maciji, amma abin da Daura ta riƙe har yau rijiyar ce, da ruwan da kowa ke ɗiba ba sai Juma'a ba.